Tiyon Maƙogwaron Inji: A San Aikinsa Kafin A Cire Shi

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani malami daga Kwarbai, cikin birnin Zariya, wadda na ga ya kamata in amsa ta a gaban kowa, don ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Ya ce motarsa ce ke yoyon ruwa ta wajen wani ɗan siririn tiyo. Da ya kai ta gareji sai makanike ya ce masa, "Malam, ai wannan tiyo na ƙasar sanyi ne, Turawa suka sa don kansu. Bari in ƙetare shi, in kuma fid da tamostat gaba ɗaya, ka huta." Malamin yana tambaya, ya yarda ko kada ya yarda?

Amsata ita ce, rabin maganar makaniken gaskiya ce, rabi kuwa kuskure ne, kuma kuskuren nan yana da tsada. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inji yana numfashi kamar ni da kai. Iskar da zai gauraya da fetur tana bi ta wata kafa wadda makanikai ke kira totur-bodi, mu kuwa sai mu ce maƙogwaron inji. A cikinta akwai ɗan faifan ƙarfe. In direba ya taka totur faifan ya buɗe, in ya saki ya rufe, saura ɗan tsagi. Motocin dā, irin Peugeot 504 ta kamfanin Kaduna wanda ya soma haɗa mota a 1975, kafireto ke gare su a wannan gurbi. Amma waɗanda ke shigo mana daga Turai da Amurka, watau 'yan Kwatano, galibinsu injekta ne. A da yawansu za ka ga ƙananan tiyo biyu sun shiga maƙogwaron nan, ɗaya yana kai ruwan zafi daga inji, ɗaya yana komowa da shi.

To, me ya kawo ruwan zafi a hanyar iska? Ga dalili. Iskar da ta kutsa ta wurin ƙunci ta fita da ƙarfi takan yi sanyi, wanda ya taɓa sace taya ya ji yadda bakin bawul ke yi ya san haka. A ƙasashe irin su Jamus da Kanada, inda sanyi kan kai ga daskarar da ruwa, in aka sami laima cikin iska sai ƙanƙara ta taru a bakin faifan. Daga nan ko mota ta riƙa mutuwa, ko faifan ya maƙale ya ƙi komawa, mutum ya saki totur mota ta ƙi rage gudu. Don maganin wannan aka sa ruwan zafi ya riƙa ɗumama wurin.

Mu a nan fa? Ƙanƙarar nan ba ta samuwa sai abu biyu sun gamu, matsanancin sanyi da laima. A Zariya kuwa ba su gamuwa. Lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sa mu ƙudundune, amma bai kusa daskarar da ruwa ba, iskar kuma a bushe ta ke har leɓe na tsagewa. Da damina akwai laima, amma babu sanyin. Saboda haka a wannan gaɓa makanike ya yi gaskiya. In tiyon ya ruɓe, ko ɗan bututun da ya ke shiga ya ci tsatsa, babu laifi a ƙetare maƙogwaron.

Amma fa da sharaɗi uku. Na fari, a haɗa bakin tiyon da ke kaiwa da na wanda ke komowa, da ɗan bututu mai kyau, a ɗaure tam, ruwa ya ci gaba da kewayawa. Kada a cusa kusa ko guntun icce a ce an toshe, gama ruwan inji a matse ya ke, rana ɗaya zai tunkuɗo abin a tsakiyar hanya. Na biyu, a duba irin motar. Waɗansu, kamar Honda da Toyota na shekarun 1990, suna da wani bawul mai kaki a ciki, wanda ke ɗaga silo in inji na da sanyi. Ruwan zafin nan shi ke kumbura kakin ya saukad da silo. In an yanke masa ruwa sai inji ya yi ta kuka a tsaye, mai yana ƙonewa a banza. Irin waɗannan sabon tiyo za a saya musu. Na uku, bayan aiki a fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwa, a cika, a sake dubawa washegari.

Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa ƙetarewar tana ƙara wa mota ƙarfi. Iska tana wuce wurin nan kafin ƙiftawar ido, ɗumin da ta ke ɗauka kaɗan ne ƙwarai. In tiyonka ba ya yoyo, bar shi, riƙe kuɗinka.

Sai maganar tamostat, inda a ke gyaran gangar Auzinawa. Shi wannan ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Yana rufe har ruwa ya yi zafin digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sa'an nan ya buɗe ruwa ya tafi ya huce. Watau aikinsa shi ne ya kai inji ga zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ya kuma tsai da shi nan. Wannan ba ruwansa da ƙasar sanyi ko ta zafi. Alhazai shaidu ne, zafin Makka da Madina ya fi namu, amma sababbin motocin da a ke sayarwa a Saudiyya da tamostat ɗinsu su ke zuwa.

Dubi zirga-zirgar mutumin birni. Daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, daga can zuwa Tudun Wada ko Sabon Gari, a tsaya a kashe, a sake tayarwa. Motar da aka cire wa tamostat, balle in an haɗa mata fanka tana juyawa ba tsayawa, ba ta samun ɗumi cikin irin wannan gajeriyar tafiya. Kwamfutar motar kuwa, muddin ta ji inji da sanyi, ƙara masa fetur ta ke yi. Rarar man nan ita ke baƙanta fulogi, ta wanke baƙin mai daga jikin silinda, ta tsinka wanda ke ƙasa, har zobban fistin su ci kafin lokacinsu. Dā can mutum ya iya ƙyale wannan hasara. Amma tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san abin da lita guda ke yi wa aljihu. Har wa yau, a waɗansu injuna tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji sa'ad da ya buɗe ta lagireto. In babu shi sai wani kashi na ruwan ya riƙa kewayawa ciki bai je ya huce ba, motar da aka yi wa haka don kada ta tafasa ta je ta tafasa a hanyar Kaduna. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

In mota tana zafi a nemi ainihin cutar. Ko lagireto ya toshe da ƙura, ko marfinsa ya saki, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya gaji, ko kuwa tamostat ɗin ne ya maƙale. Gwada shi ba wuya, a jefa shi cikin tukunyar ruwa bisa wuta, in bai buɗe ba kafin ruwan ya tafasa, a sayi sabo. Sa'an nan a bar ɗura ruwan rijiya zalla, don shi ke kawo tsatsar da ke cin bututan nan tun da fari. A sa ruwan lagireto na gwangwani, mai maganin tsatsa. Kada kuma a buɗe marfi inji na da zafi, tururinsa na saɓule fata.

Ku kuma 'yan'uwana makanikai, ba raina sana'arku na ke yi ba, da ba dominku ba da rabin motocin garin nan suna kan duwatsu. Roƙona shi ne, kowane ƙarfe za ku fitar ku iya gaya wa mai mota aikinsa, ku kuma koya wa yaranku haka. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa nan a hanyar Basawa tun 1986, ilmin yana kusa da mu, matambayi kuwa ba ya ɓata. Mai mota shi ma ya riƙa tambaya, "Mene ne aikin wannan?" In amsar duka ita ce "na ƙasar sanyi ne," to, ya dakata tukuna.

Allah ya tsare mu bisa hanya, amin.