Kada Gizago Ya Bar Zango

Duk wanda ya yi karatun allo a Nima ko Maamobi ya san nauyin allon da. Na itacen aduwa ne, ana wanke shi shekara da shekaru bai tsage ba, har ƙane ya gaji na wansa. Yau falankin kafinta muke miƙa wa 'ya'yanmu, kafin damina biyu ya ɓare.

Akwai 'yan matasa a unguwanninmu da ke sassaƙa don sha'awa bayan sun taso daga aiki: muciya, ludayi, allo, 'yar kujera. Wasu dattawa na kiran abin ɓata lokaci. Mu dai ba mu ga haka ba. Wanda ya taɓa sa gizago a jikin ƙirya ya san ba ta karɓar gaggawa. Tana dakushe kaifi, sai an bi jijiyarta a hankali, ana yi ana wasa ƙarfe. Yaron da ya jure wannan ya sami tarbiyyar da bulala ba ta bayarwa.

Itacen ma ƙarewa yake yi. An yi ta lodin maɗobiyar arewacin Gana zuwa Sin, har gwamnati ta sake hana fitar da ita a 2019. Ɗan abin da ya rage kuwa sai mai sana'a ya san darajarsa. Masassaƙan Aburi da Ahwiaa sun riƙe gadonsu, suna ci da shi.

Muna roƙon sarakunanmu da malamanmu su ware wa yaran nan rumfa, a nemo tsofaffin masassaƙa su zauna da su tun suna raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.