Rediyon Aljihu: Abin Da Kunnena Ke Ci Tsakanin Madina Da Nima



Kwanan baya wani ɗan'uwa tela daga Maamobi ya tare ni a wurin wani suna, ya ce, "Malam, kullum na hango ka a tirotiro sai in ga igiya a kunnenka, kana ta gyaɗa kai kai kaɗai. Waƙa ce kake ji da girmanka?" Na yi dariya na ce masa ba waƙa ba ce, karatu ne. Ya ce to in karatu ne ai ba a cinsa a ɓoye, a raba mana. Na yi masa alkawari, kuma ga shi yau zan cika.

Abin da nake saurara shi ne wanda ake kira fodkas. Kalmar ba ta da wani tsufa, a 2004 wani ɗan jarida ya fara rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila. Ma'anarta a taƙaice ita ce shirin rediyo wanda aka ajiye a intanet, mutum ya ɗauko shi a wayarsa ya saurara sa'ad da ya ga dama, ya tsayar, ya koma baya, ya sake ji. Ni dai rediyon aljihu nake ce masa, domin tsofaffinmu sun fi saurin ganewa da haka.

Mu da muka tashi a zango ba baƙin saurare ba ne. Marigayi mahaifina yana da wata rediyo mai gajeren zango wadda ya ɗinka wa riga ta fata, ba wanda ke taɓa ta sai shi. Da an sallame sallar asuba zai zauna a ƙofar ɗaki yana murɗa ta, tana ƙara tana shiii, har ya kamo London. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, na Muryar Jamus tun 1963, na Muryar Amurka kuwa 1979. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba, gama Hausa tana cikin harsunan da Rediyon Gana ya daɗe yana magana da su, kuma lokacin da Kwame Nkrumah ya buɗe sashen watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje a 1961, Hausa tana cikin harsunan da aka fara da su. Sa'an nan ga kaset-kaset na wa'azi da na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano, a saya a Nima, a yi ta aro gida-gida har zaren ya tsinke a ɗaura shi da man farce. Bambancin kawai shi ne, a zamanin Baba in ka makara labari ya wuce ka ke nan. Yanzu labarin ne ke jiranka.

To ga yadda nawa tsarin yake. Ina zaune a Madina, ina koyarwa a wajen Nima. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi: daga Zongo Junction zuwa Atomic, a wuce Legon, a gangara Shiashie, a kutsa Tetteh Quarshie, a kai 37, kafin a ce Nima. Ranar da aka yi sa'a minti 40 ne, ranar Litinin kuwa ko an yi ruwa, sa'a ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne. Na zauna na yi lissafi irin namu na malamai, na ga ina kashe kusan sa'o'i 10 kowane mako a cikin mota. Da can barci nake yi, ko in yi ta sauraron musun fasinja da yaron mota a kan canji. Yanzu waɗannan sa'o'i su ne ajina.

Ba na saurara kai tsaye a hanya, domin data tana da tsada kuma layi yana yankewa. Da dare nake sauke abin da zan ji gobe. Shirin murya na rabin sa'a ba ya wuce megabait 15 zuwa 30, alhali bidiyo mai wannan tsawo yana cin ninkin haka sau da yawa. Saboda haka duk wanda ya ce mini ba shi da kuɗin data amma yana kwana kallon bidiyo a TikTok, sai in yi shiru kawai. Da Google Podcasts nake amfani har aka rufe shi a 2024, sai na koma AntennaPod, wanda kyauta ne ga masu wayar Android kuma ba ya damun mutum da talla. Wasu sun fi son Spotify, wanda ya shigo Gana a 2021. Kowanne ka ɗauka, rubuta sunan shirin a wurin nema, zai fito.

Da safe, kai yana sabo, nakan fara da labarai. A nan ina yaba wa jaridar Aminiya ta Abuja da shirinta Najeriya A Yau. Gajere ne, batu ɗaya suke ɗauka su tambayi masu abin da kuma masana, ba su cika jan magana ba. Suna da wani kuma, Daga Laraba, wanda ya fi shiga al'amuran zaman jama'a, aure da tarbiyya da sana'a. Wani zai ce mene ne ruwanmu da Najeriya? Ruwanmu da yawa. Wane gida ne a zango ba shi da ɗan'uwa a Kano ko Sakkwato ko Legas? Farashin albasa a kasuwar Madina ma ai daga Nijar ake yanke shi, in iyaka ta rufe a can, tukunyar matata ce ke fara sani.

Amma wanda na fi ƙauna, kuma a kansa zan daɗe, shi ne na Sashen Hausa na Rediyon Faransa, watau RFI, wanda aka buɗe a 2007. Suna da shiri mai suna Ilimi Hasken Rayuwa. A matsayina na malami, nan nake jin yadda takwarorina na Katsina da Maraɗi ke fama da abin da nake fama da shi: aji ɗaya yara sun yi yawa, littafi bai isa ba, iyaye sun cire yarinya daga aji don talla. Wani lokaci har in ji kamar a ɗakin malamanmu aka ɗauki shirin. Akwai Tambaya Da Amsa, inda masu saurare ke aiko tambaya a nemo masani ya warware, sa'an nan Al'adun Gargajiya, wanda shi ne nake sa wa a lasifika a gida ranar Lahadi. Daga Muryar Jamus kuma ina ba iyaye shawarar Ji Ka Ƙaru, wasan kwaikwayo ne na rediyo kashi-kashi da aka shirya domin matasa, da kuma Taɓa Ka Lashe mai zagaya al'adu. Matata ita labaran gasar Hikayata ta BBC take so, gasar gajerun labarai ta mata zalla da aka fara a 2016. In ana karanta su tana tuƙa tuwo, ba mai iya yi mata magana.

Na Turanci ɗaya kawai zan ambata, Witness History na BBC. Kusan minti 10 ne, mutumin da abu ya faru a gabansa shi ke ba da labari da bakinsa. Ya sha fitar da ni kunya a darasin tarihi.

Dalilin sa lasifika ranar Lahadi kuwa, ɗana ne. Yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Wata rana muna jin wani shiri sai ya ce, "Baba, me ya sa mutumin nan yake cewa 'ta zo'? Ba 'ya zo' ba ne?" Na ce masa ai mace ake nufi. Ya ce to mu ai ko Hajiya ce "ya zo" muke cewa. Gaskiyarsa. Hausarmu ta zango ta daɗe da ajiye bambancin namiji da mace, ta sassauta ƙ da ts, ta ɗebo Twi da Ga da Turanci ta zuba. Ni ba na cikin masu raina ta, domin ita ce ta haɗa Bagonje da Bamoshe da Bazabarme da Bakotokoli a tsakar gida ɗaya, kuma harshen da ya yi wannan aiki ba abin rainawa ba ne. Sai dai abin da ya tsorata ni shi ne, yaron bai san akwai wata Hausar ba bayan tamu. Kuma ina zai sani? Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa ana jarrabawa a kansu a makarantun gwamnati na ƙasar nan. A sukul Ga ko Twi yake yi, a makarantar allo Larabci. Ba inda zai ga Hausa a rubuce sai irin wannan shafi, ba inda zai ji ta cikakkiya sai a irin waɗannan shirye-shirye. Yanzu mun yi yarjejeniya: duk Lahadi zai rubuta kalmomi biyar da bai gane ba, mu nemo ma'anarsu tare. Makon da ya wuce ya kawo mini "ƙasaita", na yi ta kame-kame kafin na iya fassara masa.

Akwai wani abu da ya kamata in raba shi da fodkas, domin mutane suna haɗa su. Shi ne muryoyin nan da ake turawa a WhatsApp, ba suna, ba rana, ba a san inda aka ɗauka ba. Bara surukata ta ji wata irin wannan murya, wani mai kiran kansa likita yana rantsuwa cewa maganin hawan jini na asibiti yana kashe ƙoda, a bar shi a sha wani haɗi. Baiwar Allah ta ajiye ƙwayoyinta ba ta gaya wa kowa ba. Mako uku sai ga mu a asibiti da tsakar dare. Allah ya sa da sauran kwana. Tun daga ranar, duk muryar da aka turo mini nakan yi mata tambaya uku: wa ya yi magana, yaushe, kuma ina zan same shi in ya yi ƙarya? Shirin da ke da gida da suna, in ya yi kuskure akwai ƙofar da za a buga. Wannan kuwa ko mai turowar bai san mai ita ba.

Kada kuma a ɗauka abin da ke intanet yana nan har abada. A watan Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta ba da umarnin da ya dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, Sashen Hausa ya yi tsit bayan shekara 46 yana magana. Na san dattawa a Nima da suka yi ta murɗa rediyo kwana da kwanaki suna zaton batir ne ya mutu. Hukuncin da aka yanke a Washington, ba a tambayi kowa a zango ba. Shi ya sa duk shirin da ya burge ni nakan kwafe shi a memori in ajiye, kamar yadda Baba ke ajiye kaset a cikin akwatin ƙarfe.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Duk shirye-shiryen da na lissafa, daga Abuja ne ko Legas ko Bonn ko London. Gana tana fitowa a cikinsu lokacin zaɓe, ko in an yi gobara, ko in Black Stars sun yi wasa. Muna da gidajen rediyo masu magana da Hausarmu, irin Marhaba FM a nan Ankara da Zuria FM a Kumasi, Allah ya saka musu, amma yawancin abin da aka faɗa a iska yana tafiya da iska. Samarin birnin nan sun iya yin fodkas, ga Sincerely Accra nan da Turanci da Pidgin ana ta saurare. Mu kuwa samarinmu na zaune a majalisar ataya suna muhawarar da ta fi wasu shirye-shiryen daɗi, ba mai ɗauka.

Alhali labarin da za a ɗauka yana nan jibge. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa da ajami, shi ya sa har yau jami'o'i ke karanta shi. Su wa za su faɗi yadda Malam Amadu Futa ya kafa Nima? Su wa za su faɗi abin da ya faru a gidajenmu a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka raba wa da ƙane, aka sayar da gida da kuɗin mota? Ko dawowar 1983 daga Najeriya? Waɗanda suka ga 1969 da hankalinsu yanzu sun haura 70. Kowace jana'iza da muke zuwa, da guda a cikinsu muke rage.

Na gwada da kaina a hutun da ya wuce. Na ɗora wayata a kan kujera gaban wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, na ce, "Baba, ba ni labarin hanyar Ankara zuwa Kano." Da farko ya ce shi ba ya magana da waya. Da aka kawo goro sai baki ya buɗe, ya yi minti 50 bai tsaya ba. Na yi kuskure biyu, in faɗa muku don ku kauce: na bar fanka tana juyawa, ƙararta ta cinye rabin maganar, kuma na yi ta katse shi da tambaya irin ta aji. Duk da haka, da na sa wa ɗalibaina minti 10 daga ciki, ajin da ba ya shiru ya yi shiru.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan je wurin wata Hajiya mai koko a bayan kasuwar Madina. Tana yarinya aka taso da su daga Shiashie a 1959, lokacin da Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci mutane suka kafa garin nan, watau kullum ina wuce tsohon gidansu a tirotiro ban sani ba. Ta yarda za ta yi magana, amma da sharaɗi biyu: sai ta sayar da kokonta tukuna, kuma kada in gyara mata Hausa. Ɗana zai riƙe wayar. Tela na Maamobi kuwa, in kana karantawa, akwai wuri a benci.