Hayaƙi Bai San Iyaka Ba

Ya 'yan'uwa, a watan Yuni na 2023 taurarin ɗan'adam na hukumar NASA suka bi sawun hayaƙin gobarar dazuzzukan Kanada har ya turnuƙe birnin New York, ya ƙetare teku zuwa Turai. Taurarin nan suna hango wutar dajinmu ma. Lalle wanda ya cinna wa daji wuta a Babura domin farautar gafiya, iskar hunturu mai tasowa daga gabas za ta kai hayaƙinsa ƙirjin yara da tsofaffi a Kazaure, Roni da Gwiwa, ciyawar makiyaya kuma ta koma toka. Cutar da maƙwabci haramun ne, ko da bai san mai cutarsa ba. Muna kira ga limamai da dagatai su tsawatar. Allah Ya ganar da mu.