Ina Ungulayen Kwata Suka Tafi?

Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza. To, yau jewar ce ma ta yi wuyar gani. Duk ɗalibin da ya tambayi dattawan mahauta a Tsiga ko Funtuwa zai ji yadda a da ungulaye kan yi dafifi a kwata har sai an kora su. Yanzu kuwa sai mutum ya yi watanni bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ne Ƙungiyar IUCN ta sanya wannan ungulu tamu ta gida cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Babban abin da ke cinye ta a Afirka ta Yamma shi ne fatauci. Ana sayen kanta da ƙafafunta da ƙwanta don haɗa magani da tsibbu. Da ta yi ƙaranci a Nijeriya, sai fatake suka koma shigo da ita daga Nijar da Chadi da Burkina Faso. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, an tsinci da dama babu kawuna.

Akwai doka kuwa. Yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a Washington a 1973, ita ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuma ta kafa tata Doka ta 11 a 1985. Ungulu tana rukuni na biyu na yarjejeniyar, wato ba a fitar da ita daga wata ƙasa sai da takardar izini. Amma a ganina, wannan doka bakin iyaka kawai take tsaro. Busasshen kan tsuntsu a ƙasan buhun barkono ba ya neman izini, kuma da wuya jami'in kwastan a Jibiya ya gane na wane tsuntsu ne. Da zarar kayan sun shigo kasuwar ƙauye, yarjejeniyar ba ta da ta cewa.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan ƙazamar tsuntsuwa? Ai ƙazantar tata ita ce aikinta. Ruwan cikinta yana da tsananin tsami, har yana kashe ƙwayoyin cuta irin na ciwon saifa da ke cikin mushe. Indiya ta ga abin da rashinta ke jawowa: maganin shanu mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayenta tun daga shekarun 1990, mushe ya koma hannun karnukan sake, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ga shi kuma ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka ba ta saurin mayar da gurbin wadda aka kashe.

Saboda haka nake ganin sarkin pawa da masu maganin gargajiya sun fi taron Janeba iko da makomar ungulu a nan. Gidauniyar NCF ta riga ta fara zama da masu magani don a maye gurbin sassanta da tsirrai. Makarantunmu ma suna da rawar takawa: malamin kimiyyar halittu ya riƙa tura ɗalibai kwata ranar kasuwa su ƙirga ungulayen da suka sauka, su kuma rubuta rimi ko tsamiyar da aka ga sheƙa a kanta, a kai wa mai unguwa don kada a sare.