Kada Mu Bar 'Ya'yanmu Naƙasassu A Ƙuryar Ɗaki

Yau ina so in ja hankalinmu ga 'ya'yanmu mata waɗanda Allah ya jarrabe su da naƙasa, da kuma kayan da za su taimake su su riƙe kansu.

Duk wadda ta san ƙasarmu ta Gubuci, da Maƙarfi, da Ikara, da Kudan, ta sha ganin guragu maza bisa kekunansu masu ƙafa uku, suna tuƙawa da hannu, wani na tireda, wani na gyaran takalma. To, ina matan? Ai shan inna ba ta ɗaukar namiji ta bar mace. Suna nan cikin gidaje, suna rarrafe daga ɗaki zuwa madafi. In an sami kuɗin keke sai a saya wa namiji, a ce ita mace ina za ta? Za ta makaranta mana, ta je asibiti, ta je gidan suna, ta kewaya bayan gida ba sai ta jira mai ɗaukarta ba.

Alhamdu lillahi, a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka, ko da yake tilas mu ci gaba da ba da yara a ɗiga musu rigakafi. Amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna tare da mu, ga haɗarin babur, ga ƙyanda da sanƙarau masu taɓa ido da kunne.

Kayan nan kuwa ba sai an haye teku ba. A Kano guragu ne da kansu suke ƙera kekunan, ƙarƙashin ƙungiyarsu wadda Malam Aminu Ahmed Tudun Wada ya yi suna da ita. A Jos ma akwai cibiyar Beautiful Gate da ke wannan aiki. Keken nan ya fi kujerar asibiti dacewa da ƙauye, domin ƙananan ƙafafun kujera na kafewa cikin rairayi da taɓo, shi kuwa da kayan keke aka haɗa shi, kowane mai faci zai gyara shi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana yin ƙarfen ƙafa da ƙafar roba. A Kaduna akwai babban asibitin ido da na kunne na Gwamnatin Tarayya, kuma sau da yawa yarinyar da ake kira daƙiƙiya a aji, tabarau kawai take bukata ko na'urar ƙara ji. Makauniya ma tana karatu da yatsu, da rubutun makafi mai ɗigo 6, wanda makarantar Gindiri ta daɗe tana koyarwa tun kafa ta a 1953.

Na san za a ce babu hali. Gaskiya ne ana cikin matsi. Amma 'yan'uwa, mu duba adashen da muke zubawa, da gudummawar biki, da kwanonin jere da muke tarawa ba a ko cin tuwo a cikinsu. In matan unguwa suka ware kwasa ɗaya, suka haɗa da ɗan abin da maigida zai bayar in an sayar da rake, ashe ba a rasa ba. Kada mu zauna jiran lokacin zaɓe. Kuma a tafi da yarinyar a gwada mata, domin keke ko sandar da ba daidai jikinta ba na jawo gyambo.

Wasu kuma sun fi son a tura ta bara, wai tana kawo na cefane. Yau da gobe fa? In iyaye suka kau, wa zai riƙe ta? Wadda ta iya karatu da ɗinki ita ke riƙe wani.

In keke ya zo, sauran gyaran gida. A roƙi maigida ya sassauta dokin ƙofa, ya faɗaɗa ƙofar zaure, kafinta ya yi kujera mai huda a ɗora bisa masai. Makaranta kuwa haƙƙinta ne. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi musu hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024, saboda haka uwa ta tambayi hedimasta ba tare da jin nauyi ba.

Ku kuma 'yan makaranta, a matsayina na malama ina gargaɗinku: ku bar tsokana, ku bar hawa keken 'yar'uwarku da sunan wasa, domin shi ne ƙafarta. Ku bar wa mai raunin ido ko kunne bencin gaba, in za ku yi mata magana ku fuskance ta. Ku biya mata ku tafi tare da safe.

Allah ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana, amin.