Tsohon soja da takardar jinsiyya: kada a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta

Tun da sojoji suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, jama'a ke ta komawa gidajensu a Khartum, Bahri da Umdurman. Wanda ya koma ya san abin da ake fara tambayarsa a kowane shinge: ina rakam watani, ina biɗaƙa? A lokaci guda kuma hukumomin jihar sun tsananta kamen baƙin da ba su da takardar zama. Ba mu da ja a kan haƙƙin gwamnati na sanin waɗanda ke cikin ƙasarta. Damuwarmu tana kan mutum ɗaya da irin wannan shara kan haɗa da shi: tsohon sojan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bariki, amma yau ba shi da takardar da za ta tsaya masa, ko don ta ƙone a yaƙi, ko don tun asali ba a taɓa ba shi ba.

Wannan ba tsoron banza ba ne, ya taɓa faruwa a gaban idonmu. Da Sudan ta Kudu za ta ɓalle ranar 9 ga Yuli 2011, an sallami dubban 'yan Kudu daga soja da 'yan sanda, har da waɗanda suka yi wa Khartum yaƙi shekara da shekaru. A wannan shekarar aka yi wa dokar jinsiyya gyara, aka ce duk wanda ya zama ɗan Sudan ta Kudu, ko a doka ko a zahiri, jinsiyyarsa ta Sudan ta faɗi nan take, ba tare da an tambaye shi ba. Aka ba su wa'adi zuwa 8 ga Afrilu 2012: ko su gyara zamansu a matsayin baƙi, ko su tafi. Wanda ya ga dubban mutanen da suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kosti da gadajensu da tukwanensu ba zai manta ba.

Ranar 27 ga Satumba 2012 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyoyi a Addis Ababa. Ɗaya ta shafi biyan haƙƙoƙin bayan aiki, wata kuma ta shafi 'yanci huɗu: zama, zirga-zirga, sana'a da mallakar dukiya. To amma sa hannu daban, cikawa daban. Tsohon da ke Juba ko Malakal, fayil ɗinsa yana Khartum, wa zai bi masa? Da wane fasfo zai shigo ya bi da kansa?

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan? Ai idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Mu ma mun san zafin takarda. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar jinsiyya ta 1957 da ta biyo ta, sun ce sai wanda kakanninsa ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, wannan rana ta bar su a waje. Haka ta bar waɗanda suka zo suka noma audugar Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Daga baya dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956.

A takarda ke nan magana ta ƙare. A ofis fa? Har gobe Bahaushe, Bafulatani ko Babarbare kan tsaya gaban ma'aikacin sijil madani a ce ya kawo shaidun dangin uba, ya kawo takardar kaka, ya dawo jibi, alhali wanda ke bayansa a layi sunan ƙabilarsa kawai ya wadatar. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da wata jaridar Khartum ta danganta wa Umar al-Bashir maganar da ta sa shakku kan zaman Hausawa 'yan ƙasa, har aka yi zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, fadar gwamnati ta fito ta musanta. Ba mu manta da rikicin jihar Nil Azrak na Yulin 2022 ba, wanda gindinsa shi ne tambayar nan ɗaya: su wane ne masu ƙasa, su wane ne baƙi?

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lissafi. Ranar da aka kira istinfar, ba wanda ya tambayi matashi ko kakansa ya iso kafin 1897. An ba shi bindiga, ya tafi. Wasu sun dawo ba ƙafa, wasu ba su dawo ba, sun bar marayu da zawarawa. Tsofaffin sojoji masu ma'ash kuwa da dama sun watsu zuwa Masar, Cadi, Saudiyya, Habasha, wasu har Najeriya da Nijar wurin dangin da ba su taɓa gani ba. Wanda ya gudu da rigar jikinsa kawai, ya bar takardunsa a gidan da aka wawushe, yau yana buƙatar fasfo don sabunta iƙama, yana buƙatar rakam watani don ɗansa ya shiga makaranta. In ƙasar da ya fake ta kore shi, ƙasarsa kuma ta ce ya fara kawo hujja, ina zai nufa?

Matsalar ba ta Sudan kaɗai ba ce. Amurka ta sha korar tsofaffin sojojinta da ba su kammala zama 'yan ƙasa ba, idan suka yi laifi bayan barin aiki. Ɗaya daga cikinsu, Hector Barajas, ya buɗe gidan tallafa wa irinsa a garin Tijuwana na Meziko a 2013, sai a Afrilun 2018 ya samu zama ɗan Amurka. A Yulin 2021 gwamnatin Biden ta buɗe shiri na musamman don duba lamarin waɗanda aka kora ɗin daga inda suke. Faransa kuwa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi tun 1959, sai a 2023 ta yarda tsofaffin da suka rage su koma gida su ci gaba da karɓar kuɗin tsufansu, ba sai sun zauna wata shida a Faransa kowace shekara ba. Gyaran ya zo, amma ya tarar da yawancinsu a kabari. Darasin ke nan: haƙƙin tsoho ba ya jiran kwamiti.

Mun san hujjar gwamnati. An yi cinikin jinsiyya a zamanin Bashir, har a 2020 aka soke ta dubban baƙi. An kuma ga sojojin haya daga ƙetare a wannan yaƙi. Tsoron jabu gaskiya ne. Sai dai ba a maganin ɓarawo da dukan mai gadi. Babu mutumin da gwamnati ta fi sani kamar sojanta: tana da lambarsa, hotonsa, rundunarsa da shekarun da ya yi.

Don haka muna kira ga Majalisar Siyada, ma'aikatar tsaro da ta cikin gida da su yi abu huɗu. Na farko, lambar soja da takardar sallama su zama hujja mai ƙarfi wajen neman rakam watani, ga sojan da 'ya'yansa. In hukuma na shakka, ita za ta kawo dalili. Na biyu, a buɗe tebur na tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu a ofisoshin jakadancin Alƙahira, Injamena, Jidda, Juba da Abuja, mutum ya gama lamarinsa inda yake, ba sai ya ci bashi ya zo Bur Sudan ko Khartum ba. Na uku, kada a fitar da duk wanda ya ce ya yi aikin soja daga ƙasa sai alƙali ya ga fayil ɗinsa. Na huɗu, a raba ma'ash da jinsiyya: wanda ya yi aiki a biya shi, ɗan Kudu ne ko ɗan Arewa. Gumi ba ya sauya ƙasa.

Mu ma da namu aikin, jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sarakunanmu, umdodi da limaman unguwanni, daga Mayo zuwa Umbadda, daga Mai Wurno zuwa Kasala, su rubuta sunayen 'ya'yanmu da ke soja da waɗanda suka rasu, da lambobinsu da rundunoninsu, tun shaidu na raye. Kowane gida ya ɗauki hoton takardunsa a waya, ya aika wa ɗan'uwa a wani gari. Wanda bai cire wa 'ya'yansa rakam watani ba, ya daure wa layi ya cire. Lauyoyinmu kuma su ware ko yini ɗaya a mako su tsaya wa zawarawan sojoji kyauta.

Yaƙi zai ƙare, in sha Allahu. Ranar da ya ƙare za a zauna rabon haƙƙi, kuma da takarda za a raba. Wanda aka yarda da jininsa a fagen daga, bai kamata a yi shakkar sunansa a taga ba.