Bwari: ba kowane sulke ke tare harsashi ba

Tun bayan kwanton ɓaunar da 'yan bindiga suka yi wa dakarun Rundunar Tsaron Fadar Shugaban Ƙasa a yankin Bwari cikin Yulin 2022, da kuma sace-sacen mutanen da suka addabi ƙaramar hukumar a Janairun 2024, duk jami'in da aiki ke kai shi Makarantar Horas da Lauyoyi ko hedikwatar JAMB ya san dalilin da ya sa ake maganar mota mai sulke. Sai dai kalmar "mai sulke" a takardar kwangila ba ta faɗi komai ba.

Harsashin yau da kullum darma ce a cikin kwanson tagulla. Idan ya daki farantin ƙarfe mai kauri, yakan baje, ƙarfinsa ya tarwatse. Harsashi mai huda sulke kuwa, a tsakiyarsa akwai tsinin ƙarfe mai tsananin tauri, wani lokaci na tangistin. Da ya taɓa faranti sai kwanson ya saɓule, tsinin ya wuce bai lanƙwashe ba. A jikin alminiyom ba ya ma fasa farantin. Ture ƙarfen yake gefe da gefe, kamar ƙusa a cikin sabulu, ya bar rami sumul.

Alminiyom na da farin jini ne saboda rashin nauyi, domin bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin ƙarfe ba. Da shi Amurka ta ƙera motar yaƙinta M113 tun 1960. Amma sai an ninka kaurinsa kafin ya yi aikin ƙarfe, ribar nauyin kuma ta ragu ke nan.

A nan ne ma'aunin Turai ya shigo. Matakin B6 na tare harsashin 7.62 na yau da kullum. Mai tsinin ƙarfe sai B7, wanda ya fi nauyi da tsada. Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ne ke ba da izinin shigo da irin waɗannan motoci, amma izini ba gwaji ba ne. A badaƙalar motocin BMW biyu na naira miliyan 255 a 2013, zamanin ministar sufurin jiragen sama Stella Oduah, kuɗin ne ya cinye muhawarar. Jami'in sayayya da ya sa hannu bai nemi takardar gwajin faranti da ta gilashi ba, ya bar direba da ɗan sandan rakiya da tabbacin baka kawai a kan hanyar Dutse zuwa Bwari.